Ƙasar da Mu Ke Takawa Tana Tafiya

Karatu: Luka 13:1-5, 1 Sarakuna 19:9-13, Ayyukan Manzanni 11:26-30



Akwai wata magana da ta kan fito daga bakin masu-bi duk sa'ad da labarin girgizar ƙasa ya iso mana, magana ce kuwa wadda ta isa a ji kunyarta. Tun ba a gama tono waɗanda gini ya danne ba, sai ka ji an riga an yanke musu shari'a. A cikin mota, a bakin kasuwa, har a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, wani ya ce, "Ai alhakinsu ne ya kama su." Wani kuma ya ce, "Ga shi mu nan ba a yi mana, domin Allah yana tare da mu." An faɗi irin wannan a shekarar 2023 sa'ad da ƙasa ta girgiza a Turkiyya da Siriya, aka kuma maimaita bayan wata bakwai, da ta girgiza a Maroko.

Bari mu kawo wannan magana gaban shaidu biyu. Na ɗaya shi ne dutsen da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, na biyu shi ne Littafi Mai-Tsarki. Kada wani ya ce, me ya haɗa fasto da dutse? Wanda ya ba da Maganar, shi ne ya kafa dutsen, ba kuwa zai faɗi gaskiya a ɗaya ya yi ƙarya a ɗayan ba.

Mu fara da dutse. Duniyan nan a mulmule ta ke kamar duma. Daga inda mu ke tsaye zuwa tsakiyarta akwai nisan kilomita wajen 6,370, watau ya fi nisan Kano zuwa Landan. Amma ɓawon da mu ke zaune a kai siriri ne ƙwarai. A ƙarƙashin ƙasarmu kaurinsa kamar kilomita 35 zuwa 40 ne, misalin daga Kano zuwa Wudil. A ƙarƙashin teku bai wuce kilomita 5 zuwa 10 ba. Ramin da ya fi kowane zurfi da ɗan adam ya taɓa haƙawa a tsaye, mutanen Rasha ne suka haƙa shi a Kola, suka kai kilomita 12 da ɗan kai a shekarar 1989. Zafin da suka tarar a can ya hana su ci gaba. Ko ɓawon ba su huda ba.

Wannan ɓawo, tare da dutse mai tauri da ke manne da shi daga ƙasa, ba a haɗe ya ke gaba ɗaya ba. A tsattsage ya ke kamar ƙwaryar da ta fashe. Akwai manyan gutsattsari kamar bakwai, da ƙanana masu yawa. Bari mu kira kowane gutsure faifai. Yawancin Afirka, da rabin tekun Atlantika na wajenmu, a kan faifai guda su ke. Abin da ke ƙarƙashin faya-fayan nan ba ruwa ba ne, kamar yadda wasu su ke tsammani. Dutse ne, amma zafi ya sa ya yi laushi kamar kwaltar hanyar Haɗeja da tsakar ranar bazara, wadda in ka buga ta za ka ji ta da tauri, in kuwa babbar mota ta daɗe a kanta sai ta lotsa. A bisa wannan dutse mai laushi faya-fayan su ke jan ciki sannu sannu. Wani wuri suna rabuwa, narkakken dutse ya taso ya cike tsakaninsu. Wani wuri gefen da ya tsufa ya yi sanyi ya yi nauyi ya kan nutse ƙarƙashin maƙwabcinsa, yana jan sauran faifan a bayansa, kamar zanen da aka shanya a katanga, in gefe ɗaya ya rinjaya sai ya janye duka. Wani wuri kuma gogar juna kawai su ke yi, wannan ya yi kudu, wancan ya yi arewa.

To, a ina girgiza ta ke shigowa? Bakin faifai ba santsi gare shi ba. Ya kan sarƙe da na maƙwabcinsa shekara ɗari, ko ɗari biyar, alhali turin bai daina ba. Ku ɗauki busasshen kara, ku yi ta lanƙwasa shi. Zai jure, zai jure, sa'an nan farat ɗaya ya karye, hannunku ya ji karyewar. Haka dutse ya ke yi. Ranar da ya kasa jurewa, tafiyar da ya ƙi yi shekaru ɗaruruwa sai ya yi ta cikin minti ɗaya. Wannan ita ce girgizar ƙasa, wadda tsofaffinmu su ke kira rawar ƙasa.

Ba da sauƙi mutane suka yarda da wannan ba. Wani Bajamushe mai binciken yanayi, Alfred Wegener, ya tsaya gaban masana a birnin Frankfurt a shekarar 1912, ya ce dā ƙasashen duniya a haɗe su ke, daga baya suka rabu. Ya nuna musu yadda kafaɗar Brazil ta ke shiga daidai cikin lungun tekun da ke kudu da mu. Ya nuna musu ƙasusuwan wata ƙaramar dabba mai kama da guza, waɗanda aka tono cikin duwatsun kudancin Afirka da na Brazil, dabba ce kuwa wadda ba ta da ƙarfin ƙetare babban teku da iyo. Aka yi masa dariya, gama ya kasa faɗin abin da ke tura ƙasa. Ya mutu cikin ƙanƙarar Girinlan a shekarar 1930, yana da shekara 50, ba a gaskata shi ba tukuna. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka shiga auna zurfin teku, wata mace Ba'amurkiya, Marie Tharp, wadda a lokacin ba a barinta ta shiga jirgin binciken domin ita mace ce, ta zauna a ofis tana zana abin da mazan suka auno. A shekarar 1952 ta ga cewa jerin duwatsun da ke kwance a tsakiyar Atlantika yana da dogon kwari a gadon bayansa, daidai inda ƙasa ta ke rabuwa. Kafin shekarun 1960 su ƙare, masana sun sallama.

Yau ba a gardama a kan motsin, domin ana auna shi da taurarin ɗan adam. A nan Nijeriya ma akwai cibiyar da a ke wannan aiki a Toro, cikin Jihar Bauchi. Faifanmu yana tafiya arewa maso gabas kamar santimita 2 zuwa 3 a shekara, watau wajen inci ɗaya, misalin yadda farcen mutum ya ke girma. Ku lissafta. Mutumin da ya yi shekara 70 a Kawaji bai taɓa ƙaura ba, gidansa ya yi tafiya da shi kamar tsawon kabarinsa. Tun daga zamanin Bagauda, shekara dubu da suka wuce, Dala da Goron Dutse sun gusa mita 20 zuwa 30, babu wanda ya ji, domin mu da su tare mu ke tafiya.

Mun sani akwai 'yan'uwa da su kan ɗaure fuska in sun ji an ambaci miliyoyin shekaru. Masu tsoron Allah sun daɗe da ra'ayi dabam dabam a kan kwanakin da ke cikin Farawa sura ta ɗaya, ba kuwa za mu raba ekklesiya a kan wannan yau ba. Za mu faɗi lissafin kamar yadda masana suka ba da shi. Amma muna roƙon iyaye abu ɗaya. In yaro ya dawo daga makaranta ya ce malami ya koya musu cewa ƙasa tana tafiya, kada ku ce masa malamin kafiri ne. Yaron zai girma, ya ga awon da idonsa, sa'an nan ya soma shakkar sauran abin da kuka koya masa.

Yanzu fa mu dawo gida, gama sawun wannan tafiya yana nan ko'ina a ƙasarmu. Masana sun ce shekara miliyan 100 da ɗoriya da suka wuce, sa'ad da Amurka ta Kudu ta soma rabuwa da Afirka, ƙasa ta tsage gida uku daga wajen bakin Kwara. Tsaga biyu suka buɗe suka zama teku. Ta uku ta soma buɗewa, sa'an nan ta tsaya. Ita ce kwarin Binuwai, mai tsawon kilomita kusan 1,000, daga bakin teku har wajen Gongola. Da ba ta tsaya ba, da yau sai da jirgin ruwa za mu kai ziyara Yola. Ruwan teku ya taɓa shiga wannan kwari, ya bar farin dutsen da a ke haƙa a Ashaka da Gboko, mai ɗauke da ɓawon dabbobin teku. Simintin da mu ke gina majami'u da shi, daga gindin tsohon teku ya fito. Gishirin da matan Awe da Keana su ke dafawa tun kaka da kakanni, a cikin wannan kwari ya ke ɓuɓɓugowa. A cikin Jihar Kano kanta, a Riruwai ta Ƙaramar Hukumar Doguwa, duwatsun da suka yi zobe saiwar tsohon dutse mai aman wuta ne wanda ya mutu tun tuni. Daga cikinsu aka sami kuzar da maƙeran Riruwai su ke narkewa tun kafin zuwan Turawa. Irin waɗannan duwatsu sun yi jeri tun daga Azbin, su bi ta Damagaram, su sauko Dutse da Jos. Zafin cikin ƙasa da ya ke rushe gari, shi ne ya dafa mana kuza. Allah bai yi mana duniya matacciya ba. Duniya mai wuta a ciki ya yi, daga wutan nan kuwa mu ke cin abinci.

Me ya sa, to, ƙasa ba ta cika girgiza a Kano ba? Domin a tsakiyar faifai mu ke zaune. Bakinsa na yamma yana can tsakiyar Atlantika, na arewa yana wajen Bahar Rum, dukansu nisan kilomita dubbai daga nan. Dutsen da ke ƙarƙashin marmarar Kano kuma tsoho ne ƙwarai, masana sun ce tun shekara miliyan 600 da suka wuce ya gama haɗuwa ya kwanta. Iyakar dalilin ke nan. Wanda ya zauna a tsakiyar tabarma ba ya jin abin da na bakinta ya ke ji. Wannan alheri ne, mu gode wa Allah dominsa. Amma alheri ne irin na ruwan sama da hasken rana, wanda Ubangiji ya koya mana cikin Matta 5 cewa Uba yana ba nagari da mugu duka. Natsuwar ƙasar Kano ta rufe majami'a da masallaci, ta rufe mai gaskiya da ɓarawo, ta rufe wanda ya yi addu'a da asuba da wanda ya kwana a mashaya. Ba shaidar adalcinmu ba ce.

Ku ɗauki taswirar duniya, ku sa ɗigo a duk inda aka yi babbar girgiza cikin shekara ɗari. Za ku ga ɗigon ya yi layi, layin kuma yana bin bakin faya-fayai. Ba ya bin iyakar addini. Ya bi ta Indonesiya inda Musulmi suka fi yawa, ya bi ta Filifin inda Kirista suka fi yawa, ya bi ta Japan, ya bi ta Nepal, ya bi ta Italiya. Girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, a ƙasar Chile aka yi ta a shekarar 1960, ƙasar da a lokacin kusan kowa a cikinta ya ke amsa sunan Kirista. In da girgiza ma'aunin zunubi ce, ashe sai mu ce zunubi a bakin teku da gindin duwatsu ya ke zama, tsakiyar ƙasa kuwa tsarkaka ne kaɗai. Wa zai yarda da wannan, in ya san garinsu?

Kada kuma mu ce tsakiyar faifai ba ta motsi sam. Kun san aikin mai gyartai. In ya ɗinke ƙwarya, ta kan yi shekaru tana aiki, amma ranar da aka danna ta, a wurin tsohon ɗinki ta kan yi ƙara. Ƙasarmu cike ta ke da tsohon ɗinki, ɗaya daga ciki shi ne wanda masana suka bi sawunsa daga Ifewara a ƙasar Yarabawa zuwa Zungeru. A shekarar 1939 girgiza ta rushe gidaje ta kashe mutane a Ankara ta ƙasar Gana. A watan Disamba na 1983 ta kashe ɗaruruwa a arewacin Gini. A watan Satumba na 2018 mutanen Mpape, a gefen Abuja, suka yi kwanaki suna jin ƙasa tana rawa. Kafin wannan, ran 11 ga Satumba na 2016, ranar Lahadi ce kuwa, ƙasa ta yi ruri ta girgiza a Kwoi, ta sake yi washegari, bango ya tsattsage, mutane suka fito waje a guje.

Ku tsaya a kan Kwoi kaɗan. Gari ne da Bishara ta shiga tun farkon ƙarni na ashirin, ƙasar da ta haifi Dokta Byang Kato, ta kuma aika da fastoci da masu bishara da malamai ko'ina cikin Arewa, har da nan Kano. Wane ne a cikinmu zai miƙe ya ce mutanen Kwoi sun fi mutanen Kawaji zunubi? Da abin ya zo gida, bakinmu ya mutu. Muka ce gwaji ne, muka yi musu addu'a, daidai ne kuwa. Amma me ya sa in ya faɗa wa namu mu kira shi gwaji, in ya faɗa wa na wasu mu kira shi hukunci? Mudu biyu ke nan, Allah kuwa ya la'anci mudu biyu.

Girgizar Turkiyya ma, waɗanda suka yi saurin magana ba su duba sunan garin ba. Ran 6 ga Fabrairu na 2023, da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na asuba, mutane suna barci cikin sanyi, tsagar da ke tsakanin faifan Larabawa da na Turkiyya ta ɓalle. Ma'aunin masana ya nuna 7.8. Mutum fiye da 50,000 suka mutu. Cikin biranen da suka fi shan wuya akwai Antakya. Ita ce Antakiya ta Ayyukan Manzanni, inda aka fara kiran almajirai Kirista, inda aka ɗibiya wa Bulus da Barnaba hannu aka sallame su zuwa ga al'ummai. A wannan dare tsohon masallacin birnin ya faɗi, majami'un Kirista suka faɗi, shugaban 'yar ƙaramar jama'ar Yahudawa da matarsa suka mutu. Christian Atsu, ɗan ƙwallon Gana, wanda aka san shi da taimakon marayu, a nan gini ya danne shi. Ba kuma ranar aka fara ba. A shekarar 526, sa'ad da Antakiya ta ke birnin Kirista, cike da baƙin da suka zo idin hawan Ubangiji zuwa sama, ƙasa ta girgiza, wuta ta biyo baya, marubutan zamanin suka ce mutum wajen 250,000 suka hallaka, har da babban shugaban ekklesiyar birnin. Tsagar ba ta sāke wuri ba tun daga wancan zamani. Mazauna ne suka sāke.

Ƙasar Littafi Mai-Tsarki kanta a bakin faifai ta ke. Wata doguwar tsaga ta taso daga Bahar Maliya, ta bi ta Tekun Gishiri, ta haura kwarin Urdun da Tekun Galili, har ta kai kusa da Antakiya. Saboda ita ne bakin Tekun Gishiri ya ke fiye da mita 400 ƙasa da fuskar babban teku, babu busasshiyar ƙasa a duniya da ta kai shi zurfi. Annabawa sun san rawar ƙasa da ƙafafunsu. Amos ya ƙidaya kwanakin annabcinsa daga wata girgiza ta zamanin sarki Uzziya, Zakariya kuma yana tunawa da ita bayan shekara fiye da ɗari biyu. A shekarar 1927 ma ta girgiza kusa da Yariko, ta taɓa majami'ar da ke bisa kabarin Ubangiji, ta taɓa masallacin Ƙudus.

Shaida na fari ya gama. Bari mu ji na biyu.

Cikin Luka 13 an kawo wa Yesu labarin waɗansu Galilawa da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Masu kawo labarin suna da irin tunaninmu. Yesu da kansa ya ƙara musu wani labari, na mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam. Ya tambaye su ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mazauna Urushalima laifi. Bai jira amsarsu ba. Ya ce a'a, sau biyu. Sa'an nan ya juya maganar daga matattu zuwa masu rai, ya gargaɗe su su tuba, domin su ma ƙarshe yana jiransu. Ku lura da abin da ya yi. Sun zo da yatsa yana nuna Galili, suka koma da yatsan yana nuna ƙirjinsu. Gini ya faɗi a kan mutane, Ɗan Allah yana tsaye a ƙasar, ya san zuciyar kowane ɗaya daga cikin goma sha takwas ɗin, duk da haka ya ƙi ya ce domin zunubinsu ne. In shi wanda ya sani ya ƙi faɗi, mu da ba mu san ko sunan mutum ɗaya a ƙarƙashin ɓaraguzan ba, wa ya ba mu izini?

Wani mai karatu zai ce, "Fasto, Kora fa? Ba ƙasa ce ta buɗe baki ta haɗiye shi ba?" Gaskiya ne, yana nan cikin Littafin Lissafi 16, ba mu kuwa share shi ba. Allah mai iko ne bisa abin da ya halitta, yana iya yin hukunci da ƙasa ko da ruwa ko da wuta. Amma ku duba yadda aka yi. Musa ya faɗi abin da zai faru tun bai faru ba, ya faɗi sunan masu laifi, aka kuma ce wa sauran jama'a su janye daga alfarwansu domin kada marar laifi ya hallaka. Allah ne ya fassara aikinsa da bakin bawansa. Annabawan zamaninmu kuwa sai bayan sun ji a rediyo su ke ganin wahayi. Wanda ya ɗauki masifar da Allah bai fassara ba ya fassara ta da kansa, aikin abokan Ayuba ya ke yi. Sun yi ta kāre Allah da dogon jawabi, suna cewa lalle Ayuba ya yi wani abu a ɓoye. A ƙarshen littafin, su ne Allah ya yi fushi da su, sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Iliya ma ya koyi wannan a Horeb. Ya gudu can da zuciya mai ɗaci, yana ganin shi kaɗai ya rage, watakila yana so ya ga Allah ya farfasa Isra'ila. Iska ta zo ta tsaga duwatsu, ƙasa ta girgiza, wuta ta biyo. Littafi ya gaya mana a fili cewa ba a cikin ko ɗaya daga ukun nan Ubangiji ya bayyana gare shi ba. Sai da aka yi tsit ya ji murya, muryar kuwa aiki ta ba shi, ta kuma gaya masa akwai mutum 7,000 da bai san da su ba. A Filibi, da girgiza ta buɗe ƙofofin kurkuku da tsakar dare, Bulus bai ce wa mai tsaron, "Ka ga sakamakonka" ba, ko da ya ke bayansa yana zub da jini. Ya ɗaga murya ya hana shi kashe kansa. Kafin gari ya waye an yi wa mutumin baftisma da iyalinsa duka.

Game da masu cewa kowace girgiza alama ce cewa ƙarshen duniya jibi ne, ba za mu daɗe ba. Ubangiji ya ambaci girgizar ƙasa cikin Matta 24, ya kira ta mafarin wahala kawai, a cikin surar nan kuma ya ce ba wanda ya san ranar. Na'urori suna auna girgiza dubbai kowace shekara, galibinsu ƙanana. Wanda ya karɓi kuɗinka domin ya tsare gidanka daga girgiza da man shafawa, ya cuce ka sau biyu.

Akwai dai zunubi a cikin wannan al'amari, sai dai ba a inda mu ke nemansa ba. Masana su kan ce ba girgiza ce ta ke kashe mutane ba, gini ne. A lardin da Antakya ta ke akwai wani gari, Erzin, inda aka ba da labari ba gini ko ɗaya da ya rushe. Irin ƙasar wurin ta taimaka, amma an kuma shaida cewa hukumar garin ta ƙi yarda a yi gini ba bisa ƙa'ida ba. A wasu wurare kuwa dogayen benaye sababbi suka kwanta kamar an tara faranti, aka kama masu ginin da yawa daga baya. Mu a Kano ba mu bukaci girgiza ba. A watan Agusta na 2022 bene ya rufta a kan mutane a titin Beirut, ƙasa tana kwance lafiya lau. Cikin Kubawar Shari'a 22:8 Allah ya umarci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo, jininsa ya zama a wuyan mai gidan. Muna da magina a cikin ekklesiya, muna da masu buga bulo, da 'yan kwangila, da dattawa masu riƙe kuɗin gini. Ɗan'uwa, in buhun siminti ɗaya ka ke miƙar da shi ya yi aikin biyu, in ka rage rodi ka sa bambancin a aljihu, in kun aza bene a kan harsashin da aka yi domin ɗaki ɗaya saboda kuna ƙyashin biyan injiniya, to, hasumiyar Siluwam ka ke ginawa, 'ya'yanmu ne kuma za su zauna a ƙarƙashinta ran Lahadi. A nan ne maganar tuba ta same mu.

Sa'an nan akwai bashin da ke kanmu. Ekklesiyar Antakiya ita ce ta fara koya wa masu-bi abin da za su yi in masifa ta faɗa wa wata ƙasa. Wani annabi mai suna Agabus ya faɗa musu za a yi babbar yunwa, aka kuwa yi ta a zamanin Kalaudiyus Kaisar. Yawancinsu ba Yahudawa ba ne, daga Yahudiya kuma aka taso da tsananin da ya warwatsa waɗanda suka kawo musu Bishara. Da sun ga dama da sun ce yunwar sakamako ce. Ba a rubuta cewa sun tsaya binciken laifin kowa ba. Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa. Muna roƙon dattawan kowace ekklesiya da wannan jarida ta ke isa gare ta, su ajiye asusu ɗaya domin irin wannan rana, ko girgiza ce a nesa, ko ambaliya ce a Haɗeja ko Maiduguri, ko gini ne ya faɗi a bayan layinmu, a kuma ba da shi ba tare da an tambayi mai shan wahala inda ya ke sujada ba. Ƙungiyar mata zumunta ta riga mu a wannan aiki, sauran mu mu bi sawu.

Da 'yan'uwa na Antakiya suka gama tarawa, suka danƙa kuɗin a hannun Barnaba da Shawulu. Su biyun suka kama hanyar kudu zuwa Yahudiya, tafiyar kilomita wajen 500, ta cikin ƙasar da doguwar tsagar nan ta ratsa, suka kai wa dattawa.